Ƙanƙarar da Doña Casilda Ba Ta Rubuta Ba

A rumfar jirage ta uku a filin jirgin garin Trinidad akwai wani dogon teburin katako da ake haɗuwa a kewayensa duk Asabar da hantsi. Kujerunsa bakwai ne. Shida na tsofaffin matuƙa ne, waɗanda a zamaninsu suke ɗibar naman shanu daga yankin Beni da sassafe, su tsallake duwatsu, su sauke shi a La Paz tun bai gama hucewa ba. Dokar teburin guda ɗaya ce: duk wanda bai taɓa tsallake duwatsun nan da hannunsa a kan sitiyari ba, a tsaye zai ci abincinsa. Ni ma da na daɗe ina zuwa wurin neman labari, a tsaye nake ci.

Kujera ta bakwai ta Doña Casilda Moye ce, wadda ba ta taɓa tuƙa jirgi ba. Ko shiga jirgin da ya ɗaga daga ƙasa ba ta taɓa yi ba, kuma ta ce ba ta da niyya. Shekara goma sha huɗu ta yi tana zama a kujerar nan. A watan Yulin bara ta tashi daga kanta, ba tare da kowa ya tashe ta ba.

Shekarunta sittin da ɗaya. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta sa komai a ƙafa sai silifas, ko da coci za ta. 'Yar San Ignacio ce. Ubanta kwalekwale yake tuƙawa, shi yake kwaso rediyoyin oba-oba na masu shanu idan sun lalace, ya kai wa wani limamin coci mai gyara. Ta tsaya a bayan limamin tana riƙe masa waya har ta fi shi iyawa. Aure ya kawo ta Trinidad. Da masu shanu suka daina ƙiyasta nauyi da ido suka koma sikelin lantarki, ita ta zama likitar sikelin yankin gaba ɗaya. Wani littafi da aka kawo mata daga Santa Cruz, wanda ruwa ya riga ya ci gefensa, shi ya koya mata rubuta 'yar manhajar da ke cikin sikeli, wadda ke mayar da nauyin bijimi lamba a kan allo. Shekara ashirin tana wannan aiki a kan wani tsohon babur, akwatin kayan aikinta ɗaure da roba a baya. Mijinta Don Ismael, mai goge a ƙungiyar mawaƙan coci, yakan ce babu bijimin da ake yankawa a Beni sai ya yi sallama da matarsa tukuna.

Kyaftin Aurelio Melgar ne ya jawo ta harkar jirage. Ita ce uwar baftismar autarsa, don haka comadre yake ce mata, ita kuma ta ce masa compadre. Da likita ya hana shi tashi saboda ido, sai ya buɗe 'yar makarantar koyon tuƙin jirgi a rumfar nan ta uku. Man jirgi ba ruwan kogi ba ne, ɗalibansa kuma ba 'ya'yan masu shanu ba ne. Yana son na'urar da ɗalibi zai zauna a ciki ya koyi tuƙi yana ƙasa. Ya ga hotonta a wata mujalla, ya yago shafin, ya kai mata shago.

"Comadre, ke da kike sa ƙarfe ya faɗi nauyin bijimi, akwati ne zai gagare ki?"

"Bijimi a tsaye yake, compadre. Naka tashi yake yi."

"Shi ya sa na zo wurinki, ban je wurin mahauci ba."

Wata bakwai ta yi tana haɗa ta. Ta yanko hancin wani mataccen jirgi da ciyawa ta rufe a bayan rumfa, ta ɗora shi a kan dandamalin tsohon sikeli, ta jera talabijin uku a gabansa. Babbar manhajar, mai zana ƙasa da sama da gajimare, saye aka yi. Sai dai Kyaftin bai yarda da injin da ke cikinta ba. Ya ce wannan inji ne da bai san wahala ba, ko da tsakar rana a watan Oktoba yana ja kamar da asuba. Kowa a filin nan ya san iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya ƙoshi da ita. Sai Doña Casilda ta rubuta tata ƙaramar manhajar: ta tambayi babbar tsayin da jirgi yake da zafin iskar waje, ta yi lissafi, ta faɗa wa inji iya ƙarfin da zai bayar. Ɗalibai suka sa wa na'urar suna Saniya, saboda dandamalin.

Ranar gwaji na farko Kyaftin ya shiga da kansa. Ya lulluɓe duwatsu da gajimare a allo, ya tashi daga Trinidad, ya nufi yamma yana hawa. Wajen ƙafa dubu goma sha biyar allurar ma'aunin zafi ta taɓa sifili, ta gota ƙasa. Nan take inji ya yi sanyi kamar an shaƙe shi. Rabin ƙarfinsa ya tafi. Kyaftin ya tura totur har ƙarshe, a banza, jirgi sai nitsewa yake. Ya kifa hanci, ya juya baya, ya gangara. Allura na komawa saman sifili, inji ya farfaɗo.

Ya fito rigarsa sharkaf, idonsa jajur.

"Kin sa ƙanƙara!"

"Ni ban sa komai ba, compadre."

"Ku ji ta! Kawaicin mutanen San Ignacio ke nan. Haka take yi, na rantse da Allah, haka take yi. Haka ta yi wa jirgin abokina Chicho Roca a saba'in da tara, ina bayansa da minti goma, ina jin sa a rediyo. In ka gangara iska mai ɗumi ta narke ka tsira, shi kuwa dutse ne a ƙarƙashinsa." Ya rungume ta har silifas ɗinta ɗaya ya fita.

Ta ɗauka babbar manhajar ce ta yi wannan aiki, tunda masu ita sun san ƙanƙara, ita kuwa sai a firji take ganinta. Ta faɗi haka sau biyu, ba wanda ya saurara. A karo na uku sai ta yi shiru. Asabar ɗin makon, Don Gualberto Justiniano, wanda ya fi kowa tsufa a teburin kuma ya fi kowa kaifin baki, ya jawo kujera ya ajiye a gefensa.

"Mu zuwa muka yi wurin duwatsu," in ji shi. "Wannan ɗauko su ta yi ta kawo Trinidad. Zauna, Casilda, kafin in canja ra'ayi."

Darasin ƙanƙara ya yi suna. Daga Riberalta ake zuwa yin sa, har daga Santa Cruz. Kyaftin ne kaɗai ke bayar da shi, kuma kullum da gajimare, domin a cewarsa dutse ba gajimare yawon shan iska ne. Ɗalibi zai hau, allura ta gota sifili, inji ya mace, in ya yi jinkirin juyawa Kyaftin ya buga masa hularsa a ƙeya. Yawancinsu da sun gama sai su kama zirga-zirga tsakanin garkunan shanu, ƙafa dubu uku ko huɗu, inda allura ba ta sauka ƙasa da ashirin. Sifili ba ya sake haɗa su da kowa.

Froilán Cuéllar ne ya fara haɗuwa da shi a gaban shaida. Shekarunsa arba'in da uku. Ya yi shekara goma sha bakwai yana acaba, yawancin fasinjojinsa matuƙa ne da yake kaiwa filin jirgi, har abin ya shiga ransa. Awa ɗaya yau, awa ɗaya wani watan, sai da ya shekara tara kafin ya sami lasisi. Ya yi shekara uku yana kai gishiri da allurar shanu garkuna. Bara wani kamfani mai ɗaukar marasa lafiya zuwa Cochabamba ya nemi matuƙi, aka kira shi gwaji ranar wata Litinin.

Da azahar ɗin ranar ya shiga shagon Doña Casilda. Tana sunkuye a kan wani sikeli.

"Doña Casi, kin san mai sayar da babur mai kyau?"

Ba ta ɗago ba. "Na san wani da ya sayar da nasa, ya rantse ba zai sake hawa ba. Yaya Cochabamba?"

"Ban gan ta ba."

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ya zauna a kan buhun siminti ya ba ta labari. Iskar kudu ta wanke sama kwana biyu kafin nan, ko ɗigon gajimare babu, ana hango duwatsu ɗaya bayan ɗaya kamar an jera su a tire. Babban matuƙin kamfanin na zaune a damansa. Komai lafiya har allura ta taɓa sifili.

"Kafin in ankara na kifa hanci na juya. Mutumin ya dube ni ya ce, 'Cuéllar, ina za ka kai ni?' Na ce ƙanƙara, kyaftin. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya ce, 'Da wane ruwan? Ko na gorarka?'"

"Ba ka san sai da ruwa take kamawa ba?"

"Na sani, doña! Yana cikin littafi, na ci shi a jarrabawa. Hannuna ne bai tambaye ni ba. Ya ce in da mara lafiya a baya, da na mayar da shi inda ba likita saboda tsoron allura. Ya ba ni kwana goma in sake. Amma me zan sake? Matsoraci matsoraci ne. A kan babur dai ba wanda ya taɓa ganin na juya."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake," in ji ta. Ta faɗa ne don ta kwantar masa da hankali, amma maganar ta tsaya mata a rai. Macijin a rumfa ta uku yake, kuma ita ta gina masa rami. Ta tuna ba ta taɓa ganin an hau da Saniya sama da sifili a sarari fes ba, ko sau ɗaya cikin shekara goma sha huɗu.

Da la'asar ta ɗauke shi a bayan baburinta suka je rumfa. Kyaftin ya tafi ganin likitan ido. Ta share duk gajimaren da ke allo, ta busar da iska ƙaƙas, ta ce Froilán ya hau kada ya juya ko me ya faru. Allura ta gota sifili. Inji ya mace kamar kullum. Suka sake sau uku. Daga nan ta buɗe tata manhajar, ta sa ta riƙa nuna lambar zafin da take karɓa, suka sake hawa suna kallo. Uku. Biyu. Ɗaya. Sifili. Ɗari biyu da hamsin da biyar.

Ta daɗe tana kallon lambar.

"Froilán, mitar tsohon baburinka, in tana kan sifili zalla ka murɗa ta baya da ɗaya, me za ta nuna?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ban taɓa murɗa mita baya ba, doña."

"Ɗan acaba kake ko bishop? Me za ta nuna?"

"Tara zalla."

"To abin da ya faru ke nan."

Gurbin da ta tanada don lambar zafi lamba ɗari biyu da hamsin da shida kawai yake iya ɗauka. Mai rubutu ne ke faɗa tun farko yadda za a karanta su: ko dukansu daga sifili su yi sama, ko a bar rabinsu wa abin da ke ƙasa da sifili. Ita ta zaɓi na farko, ba tare da ta san zaɓi take yi ba, domin shi ta saba zaɓa shekara ashirin. Ba a taɓa ɗora bijimi a sikeli nauyinsa ya gaza sifili ba. A Trinidad kuma ranar da iskar kudu ta fi tsanani digiri tara ko goma take kawowa, mutane su fito naɗe da barguna kamar za a tashi duniya. Ma'aunin da ke gaban matuƙi daga babbar manhaja yake karɓar lambarsa kai tsaye, shi ya sa yake faɗin gaskiya. Injin ne kaɗai ake yi wa ƙarya. Da zarar sanyi ya gota sifili da ɗaya, sai a ce masa iskar waje ta kai zafin tandar burodi, shi kuwa ya yi abin da aka koya masa ya yi a iska mai zafi. In jirgi ya gangara allura ta koma sama, ƙaryar ta ƙare, ya farfaɗo.

Gyaran kalma ɗaya ne. Ta canja ta kafin Froilán ya gama shan ruwan gorarsa. Suka sake hawa, allura ta gota sifili, ta kai biyar a ƙasa, ta kai goma, inji na ta aikinsa. Wannan karon Froilán bai juya ba.

Da ya fito ya tsaya yana kallonta, ya fahimci abin da ke gabanta.

"Doña, ki bar shi haka ki yi shiru. In Kyaftin ya nemi ƙanƙararsa bai gani ba, a ce kwamfuta ce ta tsufa. Wa zai musa miki? Ni bakina alaikum."

"Ku nawa ne kuka yi darasin nan?"

"Oho. Da yawa."

"Kowannenku yana yawo da shi a hannunsa. Sunayenku da lambobinku suna cikin rajista, rajista tana cikin kabad ɗin compadre, makulli yana wuyansa."

Ta gaya mini daga baya cewa duk da haka sai da ta kwana biyar tana juya abin. Don Ismael ya ga ta kasa cin abinci, ya ce, "Casilda, kujera ce fa. Muna da huɗu a gida, ɗaya ma ba mai zama." Shekara ashirin in ta gama gyaran sikeli a garke, a ƙofar bayan kicin ake miƙo mata abinci, mai gida na ciki da baƙinsa. Teburin Asabar ne wuri na farko da maza suka tambaye ta ra'ayinta sannan suka yi shiru suna jiran amsa.

Asabar ta zo. Ina wurin, a tsaye kusa da Froilán. An kawo masaco da zafinsa, ayaba da busasshen nama sun daku yadda Kyaftin ke so, ga kofi a babbar buta. Labarin Litinin ya riga ya zaga fili, Don Gualberto kuwa ba ya barin irin wannan ta wuce.

"Ku matsa wa mai gani har hanji! Mutumin da ya hango ƙanƙara a tsakiyar rana. Cuéllar, leƙa kofina, ka ga ko ta kama?"

Aka yi dariya. Doña Casilda ta miƙe.

"Gualberto, bar shi. Ba laifinsa ba ne. Compadre, ina da magana, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta faɗe ta tiryan-tiryan, ba ta rage ba, ba ta yi wa kanta ado ba. Ta ce babu ƙanƙara a cikin Saniya, ba a taɓa samu ba. Ta faɗi lambar. Ta ce kuskurenta ne na farko, shirunta kuma shi ne na biyu, domin ta san ba ita ta rubuta abin da ake yaba mata ba, kuma ba ta taɓa zama ta bincika ba saboda tana tsoron abin da za ta tarar.

Can Don Gualberto ya ajiye cokali.

"Ɗari biyu da hamsin da biyar? Wato shekara goma sha huɗu muna rawar sanyi, ashe gasa mu kike yi? Ashe mu burodi ne!"

Biyu daga cikin tsofaffin suka fashe da dariya, ɗaya har da tari. Kyaftin bai yi ba. Yana kallon kofinsa.

"Na yi kuka a cikin akwatin nan, comadre."

"Na sani."

"A gaban mutane. Na kira sunan Chicho."

"Ina wurin, compadre."

"Yara nawa na buga wa hula a ƙeya saboda lambar da ta juye?"

"Abin da nake son in sani ke nan. Ina bukatar rajista."

Ita da kanta ta ɗauki kujerarta ta kai jikin bango, ta dawo ta ɗauki farantinta ta tsaya tsakanina da Froilán. Kyaftin ya tashi ya bar kofinsa rabi, muka ji ƙarar motarsa.

Ranar Litinin autarsa ta kai rajista shago, ba wasiƙa, ba saƙo. Sunaye ɗari da tamanin da bakwai ne. Doña Casilda ta bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, ta sami ɗari da hamsin da ɗaya. Ga kowa magana ɗaya take faɗa: sifili ba ƙanƙara ba ne, ka dubi fiffikenka, ka dubi gajimare, kuma in ka shigo Trinidad ka zo ka sake hawa. Wasu sun yi dariya. Wani ya zage ta. Mutum biyu suka ce su ma sun taɓa juyawa a sarari fes, ba su gaya wa kowa ba.

Froilán ya hau Saniya kullum har ranar Laraba. Ranar Alhamis ya sake gwajin. Allura ta kai huɗu ƙasa da sifili, ya leƙa fiffike ya gan shi a bushe, ya kauce wa wani gajimare da ke arewa, ya sauka Cochabamba ƙarfe tara da minti arba'in. Aka ɗauke shi. Asabar ɗin Don Gualberto ya ce Cochabamba rabin dutse ne, amma doka doka ce, ya nuna masa kujerar da ke jikin bango. Froilán ya ce bayansa ya saba da sirdin babur, kujera tana sa masa ciwo. Ya kifa wata garwar mai ya zauna a kai. Kyaftin bai zo ba ranar, bai zo ba ta gaba.

A Asabar ta uku ya shigo da buhu a kafaɗa, ya zazzage shi a kan tebur. Littattafan tafiye-tafiyensa ne na shekara talatin, wasu gara ta taɓa. Bai gai da kowa ba.

"Ba haka take yi ba," in ji shi.

"Wa?" in ji Don Gualberto.

"Ƙanƙara. Ba ta faɗo maka gaba ɗaya. Wani farin zare za ka fara gani a bakin fiffike, ka ce ba komai. Gudu ya ragu kaɗan, ka ƙara totur, ka ce ba komai. Sai farfela ta fara jifan jikin jirgi da gutsattsari kamar yara na jifan kwano. Kafin inji ya ce wani abu an yi minti goma tana cin ka."

"Minti shida," in ji Don Gualberto. "Kuma gilashi take fara rufewa. Ni tun ranar farko na san ta Casilda ta cika sauri."

"To me ya hana ka faɗa, tsohon banza?"

"Wa zai faɗa, kana tsaye kana kuka kamar an yaye ka?"

Kyaftin ya buɗe wani littafi, ya rufe. "Ni ma na sani," ya ce a hankali. "Ga shi nan da rubutuna, minti goma sha ɗaya ranar Chicho. Amma in na tuna, gaba ɗaya take zuwa. Akwatin ya yi mini yadda nake tunawa, shi ya sa ban tambaya ba." Ya juyo. "Comadre, kina da takarda?"

Tana da ita. Ta jingina littafinta a bango tana rubutu a tsaye, tsofaffi shida na magana lokaci guda, kowa na ƙaryata ɗan'uwansa. Kyaftin ya ce ta jawo kujera, rubutunta ko a zaune ma tafiyar kaza ne. Ta ce a'a. Ta ce za ta rubuta musu ƙanƙara da hannunta, layi bayan layi, wadda ta san abin da ke cikinta, kuma ba za ta zauna ba sai su shida sun shiga sun ce ita ce.

Wata takwas aka yi. Ƙanƙarar farko da ta rubuta, Don Gualberto ya ce ta yi ladabi da yawa. Ta biyu ta rufe gilashi tun jirgi bai shiga gajimare ba. A ta uku aka yi sati biyu ana gardama kan ƙarar farfela, har ta kawo kwanon rufi da tsakuwa rumfa, tana jifa suna saurare ido rufe, sai da huɗu suka yarda sannan ta naɗi ƙarar. Duk lambar da ke cikin sabuwar manhajar ta bi ta tambaye ta ko tana iya sauka ƙasa da sifili, har ta gano wata a lissafin iska da ita ma take jiran ranarta. Sikeli bai daina lalacewa a garkuna ba, don haka tsakanin gyara da gyara take yin aikin. Duk Asabar kuma a tsaye take cin masaco.

A watan Maris na bana Kyaftin ya shiga ta biyar. Ya yi minti arba'in a ciki. Muna jin tsakuwa na dukan kwano ta lasifika, muna jin inji na raguwa a hankali, sannan muka ji ya juya. Ya fito idonsa a bushe. Ya wuce jikin bango, ya kaɗe ƙurar kujerar da hularsa, ya jawo ta har gefen Don Gualberto.

"Ni fa ban sa hannu ba," in ji Don Gualberto. "An ce mu shida."

"Kai da ko takardar aurenka sai da aka riƙe maka hannu? Zauna, comadre."

Ta dubi Don Gualberto. Ya ɗaga kafaɗa, ya matsar da farantinsa don ta sami wuri. Ta zauna, ta ce a miƙo mata buta, sannan ta shaida masa cewa ranar Talata ƙarfe goma shi zai shiga, kuma ya zo da tabaraunsa, kada ya sake cewa gilashi ne ya rufe.